Wa Ke Biyan Mawaƙi a Kano?

A Kano waƙa tana iya cika gari, ka ji ta a cikin A Daidaita Sahu tun daga Kabuga har Yankaba, ka ji ta a teburin mai shayi da shagon aski, 'yan mata suna ta hawa kanta a TikTok, alhali wanda ya rera ta yana wasan ɓuya da mai gidan haya. Wanda bai san harkar ba sai ya ce ai yaron ne almubazzari, ko ya ce hannu aka sa masa. Galibi ba ko ɗaya. Maganar ita ce, mai sauraro a ƙasar Hausa bai saba cire kuɗinsa ya sayi waƙa ba. Wani ne daban yake biya, kuma wannan mai biyan shi ke yanke wanda za a wasa, da wanda za a yi wa habaici, da ranar da mawaƙi zai kama bakinsa. Duk mai son gane daɗin wannan sana'a da wahalarta, sai ya fara tambayar daga aljihun wa kuɗin ke fitowa.

Tsarin ba sabo ba ne. A da kiɗa gado ne, kuma kowane kiɗa da masu shi. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne, kotso da taushi na makaɗan fada, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Makaɗin fada irin Abdurrahman Sarkin Kotso a nan Kano, ko Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, ko Ibrahim Narambaɗa wajen Sarkin Gobir na Isa, babu ruwansa da kasuwa. Ubangidansa ne zai ba shi muhalli da gona, ya ɗinka masa riga, ya ba shi abin hawa, ya tsaya masa a aure da suna. Shi kuma nasa aikin ya ɗaga sunan ubangida, ya yi wa masu hangen gadon sarautar zambo. Akwai rufin asiri a ciki, amma da sharaɗin cewa bakinka ba naka ba ne. Kuma jama'ar da tsigar jikinsu ke tashi idan an ɗauko waƙar Sarki, su ne dai suke ajiye maroƙi a can ƙarshen layin masu sana'a, su yi ta nuƙu-nuƙu in ɗansa ya zo neman 'yarsu.

Mamman Shata ya ɗan kauce wa wannan layi. Bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga ba, kuma bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba: sarakuna, attajirai, sojoji, direbobi, 'yan siyasa, kowa ya samu rabonsa. Ya kai matsayin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kafin ya rasu a Kano a 1999 aka kai shi Daura. Amma ko shi, ba cinikin faifai ko kaset ne ya riƙe shi ba. Kyautar mutanen da ya yi wa waƙa ce. Abin da ya yi shi ne ya yawaita iyayen gida har ya zama babu ɗaya da zai iya juya shi.

Sai fiyano ta shigo. Masana'antar fim ta Kano, wadda ake lissafin somawarta daga 1990, ta ɗauko salon sa waƙa da rawa a tsakiyar labari, kuma kafin ƙarshen shekarun casa'in fiyanon Yamaha ta zauna daram a situdiyoyi. Na'ura ɗaya ta maye gurbin makaɗa biyar da kayansu. Wannan ya buɗe ƙofar da gado ya daɗe da rufewa. Ɗan malami daga Fagge, ɗan tela daga Kurna, ɗan ɗan sanda daga Brigade, duk wanda yake da murya da baiwar tsara baiti sai ya ga shi ma zai iya. A nan aka samu zubin su Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Yakubu Muhammad da Rabi Mustapha, daga baya su Nura M. Inuwa da Nazifi Asnanic da Fati Nijar. Waƙoƙin nanaye suka zama abin da matasa ke kwana da shi su tashi da shi.

Sabon ubangida a wancan zamanin shi ne furodusa, a bayansa kuma dillalan kaset na Ƙofar Wambai, waɗanda su ke faɗin irin fim ɗin da zai saidu. Cinikin mai sauƙi ne: mawaƙi ya kawo waƙa, furodusa ya ji, a yi ciniki da baki, a biya sau ɗaya, shi ke nan. Ko fim ɗin ya sayar da kwafi dubu nawa, ko waƙar ce ta ja shi, mawaƙi ya riga ya karɓi nasa. Daɗin daɗawa, ba fuskarsa ake gani ba. Jarumi da jaruma ne ke motsa baki a kan muryarsa, su ake tarewa a titi, su ake gayyata wasan Sallah. Shi ya sa mawaƙa da dama suka ga in ba su shiga gaban kyamara ba sunansu zai ƙare a rubutun ƙarshen fim da babu mai tsayawa ya karanta.

Yana da kyau mai karatu ya leƙa inda ake dafa abin. Ka hau ɗaya daga cikin benayen Titin Gidan Zoo da yamma, za ka tarar da ɗaki biyu, an manna soso a bangon ƙaramin, makirufo a tsaye a tsakiya, tagar gilashi tsakaninsa da inda makaɗi ke zaune gaban fiyano da kwamfuta. Yaro ya zo da baitocinsa a waya ko a littafin makaranta mai ruwan ɗorawa. Ba ya karanta alamomin kiɗa, makaɗin ma ba ya karantawa, da kunne ake komai. Sai ya rera karin da baki, yana ƙwanƙwasa tebur, makaɗi yana laluben madannai har su haɗu.

"Oga, ɗan zuba min kalangu a nan wajen amshin."

"Kai dai shiga ka ɗora, numfashinka ne ke yankewa a baiti na biyu. Sake ɗaukowa daga sama."

Ana cikin haka wuta ta ɗauke. A tada janareta, a rufe taga kada ƙararsa ta shiga makirufo, zafi ya taso. Mai amshi tana zaune a benci da mayafinta tana duba agogo, don an ce ta koma gida kafin magariba, kuma akwai wani situdiyon da ke jiran ta a bene na gaba. Ita kuɗin zama ake ba ta, a tafin hannu, ko waƙar za ta zaga duniya.

Kafin wannan waƙa ta kai kunnen kowa, yaron ya biya kuɗin kiɗa, ya biya mai amshi, ya biya wanda zai tace sautin ya daidaita murya. In yana son bidiyo, nan ne babban ramin: mai kyamara, mai fitila, wurin ɗauka, kayan sawa, masu rawa, abincinsu, motar da za ta kwashe su, mai haɗa hoto. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka fiye da sau uku, kuma kowane mataki a cikin waɗannan yana shan fetur. Yawancin masu tasowa da kuɗin ɗinki ko gyaran waya ko tuƙin A Daidaita Sahu suke biya. Ni a ganina wanda aka fi zalunta a wannan ɗaki ma ba mawaƙin ba ne, makaɗin ne. Rabin abin da ke sa waƙa ta kama mutum daga yatsunsa yake fitowa, amma sau da yawa rabonsa bai wuce kuɗin zama da ambaton sunansa da ake yi a farkon waƙa ba.

Kasuwar kaset da sidi, duk da magudin da ke cikinta, aƙalla kasuwa ce. Wayar hannu da memori suka zo suka share ta. Masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a Farm Centre da bakin kowace tasha da kasuwar ƙauye, ka ba da 'yan canji a cika maka waya da waƙoƙi ɗari. Daga nan kuma aboki ya tura wa aboki kyauta. Mawaƙi ba ya ganin ko sisi. An sha zagin masu turawa a kan haka, amma gaskiyar ita ce mawaƙan da kansu suke kai musu sabuwar waƙa, har da ɗan na goro, a taimaka a cusa ta a wayar duk wanda ya zo. Sun gane cewa waƙar ba ita ce hajar ba. Talla ce. Hajar ita ce sunan da waƙar za ta jawo, sunan kuma shi ake kaiwa gidan biki da gidan ɗan siyasa.

Biki shi ne abincin yau da gobe. Waƙar amarya sana'a ce mai zaman kanta, wadda irin su Ali Jita suka yi suna a kanta: a turo maka jerin sunaye, amarya da ango, iyaye, yayye, gwaggo ta Saudiyya, ƙawaye na kusa, ka jera su cikin baiti, ka kula kada ka manta da kishiyar uwa in an saka ta, kada kuma ka saka ta in ba a saka ba. Waƙa ce ta kwana ɗaya, in ta yi tsawon rai ta kai mako. Ranar kamu ko dina kuma sai a zo fagen liƙi. Mai gabatarwa, wanda shi ne sanƙiran wannan zamani, ya karɓe makirufo: "Ina Hajiya babba, uwar amarya? Ranki ya daɗe, fili naki ne!" Hajiya ta taso da ƙawayenta cikin anko, sababbin kuɗi suna zuba, yaran mawaƙi suna tsugune suna tattarawa a leda. A dare ɗaya mai suna yana iya tashi da abin da ma'aikaci ba ya samu a wata da watanni. Sai dai ledar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai mai kayan sauti, da mai gabatarwa, da yara, da direba, da wanda ya kawo aikin.

Kuma biki yana da lokaci. Gab da azumi aure ya yi yawa har mawaƙi ya rasa wanda zai amsa wa, azumi ya kama kasuwa ta mutu, bayan Sallah ta farfaɗo. Abin da ba ya cikin lissafi shi ne ya fi kayar da mutane. Kullen korona na 2020 ya tsayar da taruka cak. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya sa liƙi ya ƙafe, don ba a liƙa wa mutum tiransifa a goshi. Sannan hukumar EFCC ta farfaɗo da sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007, wanda ya haramta watsa Naira da taka ta, har aka gurfanar da wasu masu nishaɗantarwa na Kano a Babbar Kotun Tarayya. A 2025 kuma aka hana bikin ranar ƙauyawa a jihar, wato shagalin da ake yin shigar ƙauye a hidimar aure. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, kowannensu ya rage wani abu a tukunyar mawaƙi.

Babban kuɗi yana wajen siyasa, kuma nan ne maganar ta fi tsawo. Kano ta daɗe da sanin ƙarfin waƙa a siyasa. A zamanin jam'iyyar adawa ta NEPU, irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun rubuta waƙoƙi don aƙida, a lokacin da abin da ɗan adawa zai iya tsammani shi ne kotun alƙali da gidan yari. Yau kwangila ce. Ɗan takara yana buƙatar waƙar da za a ɗora a kan motar kamfen, wadda yara za su haddace, wadda za ta yi wa abokin hamayya laƙabin da zai bi shi har gida. Wanda ya iya wannan yana samun abin da waƙar soyayya ba za ta taɓa ba shi ba: mota, fili, gida, kujerar Makka, wani lokaci har muƙamin mai ba da shawara. Dauda Kahutu Rarara shi ne misalin da kowa ya sani, tun daga zaɓen 2015.

To amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A garin da siyasa ta raba unguwa biyu, ta raba wa da ƙani, ranar da ka yi wa wani ɓangare waƙa ka sallama rabin masu sauraronka. Bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamna a watan Maris na 2023, an kai wa kadarorin Rarara hari a Kano. A ɗaya gefen kuma akwai hukuma. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a, kuma ikonta ya haɗa da waƙa: mawaƙi ya yi rajista, a duba aikinsa kafin ya fita. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan sakin faifan bidiyon waƙoƙi ba tare da tacewa ba. An kama Aminu Ala a 2009. An gurfanar da Sadiq Zazzaɓi a 2017 bayan waƙar da ya yi wa Kwankwaso. An kama Naziru M. Ahmad a 2019, bai cika shekara da naɗa shi Sarkin Waƙar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ba, daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin fada da gidan gwamnati. A takarda, laifin kusan iri ɗaya ne, wato rashin kai waƙa a tace. Amma waƙoƙi nawa ke fita kullum a Kano ba a tace ba? Ni dai na kasa yarda cewa dace ne kawai ya sa dokar ta fi farkawa idan waƙar ta taɓa mai mulki, kuma wannan ɗabi'a ba ta jam'iyya ɗaya ba ce.

Waɗannan ma manya ne, masu lauya da magoya baya. Ƙaramin mawaƙin siyasa wahalarsa ta fi haka muni kuma babu mai jin labarinta. Shi zai ci bashin kuɗin situdiyo ya yi wa ɗan takarar kansila ko ɗan majalisa waƙa ba a sa shi ba, ya je ya yini a ƙofar gida yana jiran Honorabul ya fito ya saurara. In an yi sa'a a ba shi kafin alƙalami, a ce sauran sai bayan zaɓe. Honorabul ya faɗi, ya kashe waya. Honorabul ya ci, ya koma Abuja ya canza lamba. Waƙar kuma ba ta da sauran amfani, don babu mai kunna waƙar ɗan takarar da ya sha ƙasa.

Wani abu ya faru a 2020 da ya kamata a tsaya a kansa. Rarara ya nemi masoya Buhari kowa ya tura masa Naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙa, kuma mutane suka tura. An yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa maula ce da sabon salo. Amma in aka cire siyasar, abin ya nuna cewa talakan Arewa zai iya biyan kuɗin waƙa kai tsaye idan ya ji tasa ce, kuma aka ba shi hanya mai sauƙi. Abin mamaki, mawaƙan soyayya da na faɗakarwa, waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan darasi, ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Sha'irai masu begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nasu fagen daban ne. Suna da Mauludi da zawiyoyi da majalisi, suna da masu sauraron da ba sa gajiya, kuma irin su Rabi'u Usman Baba sun samu girmamawar da mawaƙin nanaye ba ya samu a zauren dattawa. Amma su ma kyauta ce ke riƙe da su, kuma kuskuren baiti ɗaya a wannan fage ya fi kuskuren siyasa haɗari. Masu hip-hop kuwa idonsu na kan Legas, inda kuɗin waƙa ke fitowa daga manyan wasanni masu tikiti da gidajen rawa da tallan kamfanoni, har da na giya. Yawancin waɗannan ƙofofi a rufe suke a Kano. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta ba su fili a shirye-shirye irin Zafafa Goma, sun samu fuska, amma fuska ba ta biyan kuɗin bidiyo.

Sai batun gida, wanda ba a lissafa shi da Naira. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun ba yau ba, wasu sun haramta, wasu sun yi rangwame da sharuɗɗa, kuma yaron da ya taso a Kano ya san duka ɓangarorin tun yana makarantar allo. Da yawa a ɓoye suke farawa, sai waƙa ta fita wani maƙwabci ya kai wa mahaifi labari. In an zo neman aure, waliyyi ya tambayi sana'a, sai ka ji an ce "yana taɓa kasuwanci". Mace kuwa nata ya ninka. Muryoyin mata ne suka ɗauki rabin waƙoƙin fim, su Maryam Fantimoti da Zuwaira Isma'il da Maryam A. Baba, amma macen da ke zirga-zirga a situdiyo tana shan kallo da zargi, kuma sau da yawa aure na zuwa da sharaɗin a ajiye makirufo. Alhali a cikin gidajen nan ne mata suka raya amada da shantu, suka yi rawa da waƙoƙin Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada ba tare da kowa ya ga aibu ba.

Duk da haka yara ba su fasa hawa benayen Titin Gidan Zoo ba, kuma ba wauta ce ke kai su ba. Sana'o'i kaɗan ne a Arewa za su ɗauki yaron da ba shi da uba a gindin murhu su zaunar da shi kusa da gwamna cikin shekara biyar. Hamisu Breaker ya taso daga Ɗorayi, waƙarsa ta 2020 ta ratsa gidaje a tsakiyar kullen korona har ta tsallaka iyaka. Hausa ba ta tsaya a Nijeriya ba, don haka mawaƙin Kano yana da masoya a Maraɗi da Damagaram da Agadas, a zangon Kumasi da Nima ta Ankara a ƙasar Gana, a Kamaru da Sudan da Saudiyya, kuma wasan Sallah a Nijar yana daga cikin abin da ake jira shekara ta zagayo. Akwai daɗin da ba na kuɗi ba: ka tsaya a dandali dubban mutane su karɓe maka amshin da ka tsara kai kaɗai a ɗaki. Akwai wanzuwar suna. A Jami'ar Bayero ana rubuta kundin digiri a kan waƙoƙi, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, kuma mawaƙan zamani irin Ala sun shiga wannan sahu tun suna raye.

Sai dai shahara tana zuwa da nata kaya. Ranar da aka gan ka a sabuwar mota, ka zama ubangida kai ma. 'Yan uwa, abokan unguwa, yaran da ke bin ka, masu takardar asibiti, duk suna ƙofar gida da safe, kuma mawaƙin da ya hana ana cewa ya yi girman kai. Dole ka ci gaba da shigar da ta dace da sunanka ko aljihu ya bushe. Yayi kuma ba ya jira. Muryar da ake rububi bana, baɗi an samu sabuwa. Babu fansho, babu inshorar lafiya, shi ya sa lokaci zuwa lokaci ake ganin bidiyon wani tsohon mawaƙi a kwance ana nema masa taimako a Facebook, mutane suna mamakin ina kuɗin suka tafi.

Intanet ce ta fara kawo abin da ba a taɓa samu ba, wato kuɗin da ke zuwa daga yawan masu sauraro ba daga alherin mutum ɗaya ba. YouTube na fara raba kuɗin talla da mai tasha idan ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo na mai tashar ne, ana biya idan ya kai dala 100. Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, ga Audiomack da Boomplay. Amma a nan ma akwai lauje cikin naɗi. Kuɗin talla ya danganta da inda mai kallo yake, kallo daga Kano ko Yamai ba ya kawo abin da kallo daga Ingila ko Amurka ke kawowa, kuma mafi yawan masu jin Hausa suna ɓangaren mai arha ne. Da yawansu ma ba sa kallo a intanet sau biyu saboda tsadar data, saukewa suke yi sau ɗaya su raba. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a manhajojin saurare, irin DistroKid da TuneCore, da dala ake biyan su. TikTok kuwa yana haska waƙa cikin kwana biyu, amma ya koya wa mawaƙa su zuba duk ƙarfinsu a daƙiƙa talatin da za a yi rawa da su, sauran baitocin a cike su da ko mene ne. Duk da haka, ga mawaƙin da ke da tarin waƙoƙi a tasharsa, wannan kuɗi ne da ke shigowa ko yana barci, ko azumi ne, ko jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe.

Sharaɗin kawai shi ne waƙar ta zama tasa, kuma nan ne aka fi yin asara a Kano. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bambanta abu biyu: waƙar kanta, wato baiti da kari, da kuma sautin da aka naɗa. Haƙƙin na farko yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na biyu shekara 50 daga fitar da shi, kuma shi sautin ana danganta shi ne ga wanda ya ɗauki nauyin naɗar. Ke nan in furodusa ko wani Alhaji ne ya biya situdiyo, akwai magana. Dokar ta kuma ce sallama haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce, alhali kusan duk cinikin waƙa a garin nan da baki ake yin sa, a kan "ai mun zama ɗaya". Mawaƙin da ya ce a rubuta takarda sai a ga kamar ya zargi mutane. Akwai ƙungiyar MCSN da ke karɓar kuɗin amfani da waƙa daga gidajen rediyo da talabijin da wuraren taro, amma wanda bai yi rajista ba babu ta inda rabonsa zai same shi.

A aikace abin da ke faruwa ya fi wannan sauƙi. Waƙa ta fita, kafin mai ita ya farga wasu tashoshi biyar sun ɗora ta, ɗaya ma ta riga shi yi mata rajista a tsarin gano sauti na YouTube, sai ya wayi gari ana turo masa gargaɗi a kan muryarsa. Wani kuma tashar tasa ce da sunansa da hotonsa, amma yaron situdiyo ne ya buɗe masa ita tun ba a san shi ba, da imel ɗin yaron da lambar wayarsa da asusun bankinsa. Ranar da suka ɓata, ko ranar da mawaƙin ya faɗi ya mutu magada suka zo rabon gado, sai a tarar mota da fili ne kawai ke cikin lissafi, tashar da ke kawo dala duk wata tana hannun wanda ya san lambobin sirri.